Gwadabe Ɗaya, Unguwanni Da Yawa: Yadda A Ke Tsara Layin Haɗi Tsakanin Na'urorin Suwic



Batun da aka nemi in yi magana a kansa yau, in an hango shi daga nesa, sai a ɗauka sha'ani ne na masu gyaran kwamfuta kaɗai, ba ruwan magatakarda ko akanta da shi. Amma duk ma'aikacin da lissafin albashinsa ke bi ta cikin kwamfuta kafin ya isa banki, da duk ɗalibin da sakamakon jarrabawarsa ke ajiye cikin wata na'ura a ofishin jami'a, yana da haƙƙi a cikin wannan magana. Dalili kuwa shi ne, a yawancin ma'aikatu da makarantu na yau, waya guda ce ke ɗauke da asirin ofishin kuɗi, da wasiƙun ma'aikata, da hirar baƙon da ya shigo ya nemi a ba shi intanet a wayarsa ta hannu. Abin da ya raba waɗannan kaya, ya hana su cuɗanya a hanya, wani ɗan tambari ne da bai wuce bayit 4 ba, da kuma yarjejeniyar da na'urori biyu suka yi a kan ma'anarsa. In yarjejeniyar ta samu tangarɗa, to rabon ya rushe, kuma sau da yawa ba wanda zai ji ƙara ko ya ga hayaƙi.

Asalin matsalar

A shekarar 1973 ne Robert Metcalfe, injiniya a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, ya rubuta takardar da ta fayyace tsarin nan da a ke kira Ethernet, suka kuma gina shi tare da abokin aikinsa David Boggs. A farkon lamari, kwamfutocin duka suna rataye ne a jikin kebul guda, kowa na jin maganar kowa, in biyu suka yi magana a lokaci ɗaya sai saƙonninsu su yi karo, kowanne ya ɗan dakata ya sake. Daga baya aka samu na'urar da a ke kira suwic, wadda wani ƙaramin kamfani mai suna Kalpana ya fara fitarwa kasuwa wajen 1990, kafin kamfanin Cisco ya saye shi a 1994. Suwic akwati ne mai kafofi, 24 ko 48 galibi, kowace kwamfuta da kafarta. Yana koyon adireshin kowace na'ura da kafar da ta ke zaune, saboda haka in saƙo ya zo zai miƙa shi ga mai shi kaɗai.

Sai dai akwai wani irin saƙo da ba shi da mai shi guda, watau shela. Kwamfutar da aka kunna yanzu ta kan yi shela ta ce, wa zai ba ni lamba? Wadda ke neman na'urar buga takardu ta kan yi shela ta ce, wa ke riƙe da lamba kaza? Irin wannan saƙo, suwic ba shi da abin yi illa ya watsa shi ta kowace kafa. In kwamfutoci ashirin ne, ba wani abu ba ne. In sun kai dubu, shelar ta zama hayaniya mai cin hanya. Abin da ya fi hayaniyar muni shi ne, duk wanda ke jin shelarka yana iya isa gare ka kai tsaye, ba mai tsaya masa a tsakani ya tambaye shi ko shi wane ne.

Maganin da aka samo shi ne a yanka suwic ɗaya gida-gida a cikin ƙwaƙwalwarsa, ba tare da an taɓa akwatin ba. A ce kafa ta 1 zuwa ta 8 rukuni ɗaya ne, ta 9 zuwa ta 20 wani rukuni ne dabam, shelar wannan ba ta isa ga wancan. Kowane rukuni shi a ke kira VLAN, ni kuwa a wannan lacca zan riƙa kiransa unguwa, domin kowace tana da lambarta da iyakarta da mai shelarta. Wanda ke son ya ƙetara daga wata unguwa zuwa wata, tilas ya bi ta na'urar da a ke kira rauta, ko suwic mai iya aikin rauta, a nan ne kuwa a ke kafa shinge a ce wane ya wuce, wane ya koma.

Dalilin gwadabe

Bari mu ƙaddara wata sakatariya mai gine-gine biyu, kowane da suwic nasa. An raba ma'aikatanta unguwa huɗu: ofishin kuɗi lamba 10, sauran ma'aikata lamba 20, baƙi lamba 30, masu kula da na'urorin kansu lamba 99. To amma mutane ba su zauna bisa ga lambobin nan ba. Babban akanta yana gini na ɗaya, mataimakansa biyu suna gini na biyu. Yaya za a yi unguwa ta 10 ta wannan gini ta sadu da unguwa ta 10 ta wancan?

Hanya ta fari ita ce a ja kebul huɗu tsakanin gine-ginen, kowace unguwa da nata. Wannan zai ci kafofi huɗu a kowane suwic, ga kuɗin kebul, ga haƙa rami, sa'an nan ranar da aka buɗe sabon sashe sai a sake neman ɗan kwangila. Jami'ar da ke da unguwa hamsin da gine-gine talatin ba za ta ma fara wannan lissafi ba. Hanya ta biyu ita ce a ja kebul ɗaya, kayan kowace unguwa su bi ta cikinsa, amma kowane ƙunshi a buga masa tambarin unguwarsu kafin ya hau, a can ɗaya bakin kuma a karanta tambarin, a cire shi, a miƙa ƙunshin ga unguwar da ta dace. Wannan kebul shi Turawa ke kira trunk. Kalmar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Dattawan da suka yi aiki zamanin P&T, kafin a kafa NITEL a 1985, sun san cewa kiran waya daga Kano zuwa Kaduna yana bi ne ta manyan layuka da ke tsakanin ofisoshin waya biyu, waɗanda jama'a duka ke tarayya a kansu, kuma da wannan suna a ke kiransu. Haka nan ma'aikatan ma'aikatar ayyuka sun san rabon hanyoyin mota zuwa Trunk A da B da C. Da Hausa, gwadabe ya wadatar.

Ke nan kafofin suwic iri biyu ne. Akwai kafar gida, wadda ke cikin unguwa ɗaya tak, inda a ke soka kwamfuta ko na'urar buga takardu, kuma ƙunshin da ke fita ta nan ba shi da tambari, kwamfutar ma ba ta san akwai wata unguwa ba. Akwai kuma kafar gwadabe, wadda ke fuskantar wani suwic, ko rauta, ko babbar kwamfuta mai yi wa unguwanni da yawa hidima.

A nan ya kamata in ja kunnen ɗalibai a kan suna. A na'urorin Cisco da na Juniper, kalmar trunk tana nufin abin da na bayyana. A na'urorin ProCurve na kamfanin HP kuwa, kalmar tana nufin wani abu dabam, watau a ɗaure kebul biyu ko huɗu su yi aiki kamar guda don a samu faɗin hanya, abin da mu ke magana a kansa kuma a can sai a ce kafa mai tambari. Injiniyoyi biyu suna iya kwana suna gardama, kowa na da gaskiya, saboda kawai a kamfanoni dabam-dabam suka yi koyo.

Tambarin da abin da ke cikinsa

Kafin a samu daidaito, kamfanin Cisco yana da nasa tsari mai suna ISL, wanda ke naɗe ƙunshin gaba ɗaya cikin wata riga, bayit 26 a gaba, 4 a baya. Ba ya aiki sai tsakanin na'urorin Cisco, yanzu kuma an bar yayinsa. A shekarar 1998 ne ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar da ta zama ta kowa, mai lamba 802.1Q, ita ce kuwa a ke bi har yau.

Ƙunshin Ethernet yana farawa da adireshin wanda za a kai wa, bayit 6, sa'an nan adireshin wanda ya aiko, shi ma bayit 6. Nan da nan bayan waɗannan ne a ke cusa tambarin, mai bayit 4, watau bit 32. Bit 16 na farko ba sa canzawa, suna ɗauke da lambar nan 8100 a lissafin sha-shida, aikinsu kawai su sanar da cewa ƙunshin nan yana da tambari. Bit 3 da ke biye na fifiko ne, daraja takwas daga 0 zuwa 7, da su a ke sa muryar mai magana a waya ta riga takardar da a ke aikawa wucewa in hanya ta cika, murya kuwa bisa al'ada a kan ba ta daraja ta 5. Bit 1 yana nuna ko a iya zubar da ƙunshin in cunkoso ya yi yawa. Ragowar bit 12 su ne lambar unguwa. Bit 12 na ba da lambobi 4096, amma an keɓe 0 da 4095, saura 4094. A na'urorin Cisco an kuma riƙe 1002 zuwa 1005 saboda wasu tsofaffin tsare-tsare, Token Ring da FDDI, waɗanda da wuya ɗalibin yau ya taɓa ganinsu.

Saboda ƙarin bayit huɗun nan, iyakar girman ƙunshi ta tashi daga bayit 1518 zuwa 1522, kuma duk lokacin da suwic ya buga tambari ko ya cire shi sai ya sake lissafin lambar tantancewa da ke wutsiyar ƙunshin. Ku lura da abu guda, domin a kansa sauran maganata za ta hau: tambarin nan ba a kulle ya ke ba, ba a ɓoye ya ke ba, ba shi da sa hannun kowa. Duk na'urar da ta samu kanta a bakin gwadabe tana iya rubuta lamba 10 a jikin ƙunshinta, suwic kuma ya gaskata ta. Tsaron unguwanni, ashe, ya rataya ne a kan sanin wace kafa ce aka yarda ta zama gwadabe, da abin da aka yarda ya bi ta kanta.

Umarnin, layi bayan layi

Zan yi misali da harshen na'urorin Cisco domin shi ɗalibanmu suka fi karo da shi a kwasa-kwasansu, amma ma'anar ɗaya ce a ko'ina. Bayan an ƙirƙiri unguwannin a suwic, sai a shiga kafar da ke fuskantar ɗaya ginin a rubuta:

interface GigabitEthernet0/1
switchport mode trunk
switchport nonegotiate
switchport trunk native vlan 999
switchport trunk allowed vlan 10,20,30,99

A wasu tsofaffin na'urori da suka san ISL, tilas a fara da switchport trunk encapsulation dot1q, in ba haka ba za su ƙi karɓar layi na biyu. Sa'an nan a je ɗaya suwic ɗin a rubuta irin wannan daidai wa daida. Layi biyar ne, ɗalibi zai haddace su kafin la'asar. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin ɓarnar da barin kowane ɗaya daga cikinsu ke jawowa.

Layi na biyu da na uku tafiyarsu ɗaya. Kamfanin Cisco, don ya sauƙaƙa wa masu saye, ya sa wa na'urorinsa wata dabara mai suna DTP, wadda da ita kafofi biyu ke shawara tsakaninsu ko su zama gwadabe. Kafa tana iya zama mai nema, tana iya zama mai jira a neme ta. In mai nema ta haɗu da mai jira, gwadabe ya ƙullu ba da sanin kowa ba. In masu jira biyu suka haɗu, kowace ta yi ta sauraron 'yar'uwarta, gwadabe ba zai ƙullu ba har abada, injiniya kuwa yana ta zargin kebul. Wannan ƙaramar illa ce. Babbar ita ce, yawancin waɗannan na'urori suna fitowa daga kwali da kafofinsu duka a ɗaya daga cikin halayen nan biyu. Ma'ana, kafar da ke jikin bango a ɗakin taro, wadda aka manta ba a tsara ta ba, in wani ya soka kwamfutarsa, ya sa ta yi magana da harshen suwic, ta nemi gwadabe, za a ba ta. Daga nan unguwar ofishin kuɗi da ta masu kula da na'urori duk sun buɗe masa. Saboda haka ƙa'ida ita ce kada a bar wa na'ura wannan shawara. Kafar gwadabe a ce mata ke gwadabe ce, a kuma hana ta ciniki. Kafar gida a rubuta mata switchport mode access da lambar unguwarta. Kafar da ba kowa a kanta a rufe ta da umarnin shutdown har ranar da a ke bukatarta.

Layi na huɗu shi ne wanda na fi so ku tsaya a kansa. Masu tsara ƙa'idar 802.1Q sun yi la'akari da cewa a kan samu tsofaffin na'urori a hanya waɗanda ba su san tambari ba, don haka aka bar ƙofa: a kowane gwadabe akwai unguwa guda da kayanta ke tafiya ba tambari, kuma duk ƙunshin da ya iso ba tambari nata ne. Ita a ke kira unguwa ta asali. In ba a faɗa ba, lamba 1 ce, kuma lamba 1 ɗin nan ita ce unguwar da kowace kafa ke ciki ranar da aka fito da suwic daga kwali.

To a ce a gini na ɗaya wani ya sa unguwa ta asali ta zama 30, ta baƙi, a gini na biyu kuma wani ma'aikaci dabam, a wata shekara dabam, ya sa ta zama 10. Ƙunshin baƙo zai hau gwadabe ba tambari, domin a ganin suwic na farko haka ya kamata. Da ya isa, suwic na biyu zai duba ya ga ba tambari, ya ce wannan na unguwa ta 10 ne, ya shigar da shi ofishin kuɗi. Ba wanda ya fasa ƙofa, ba wanda ya saci mabuɗi. Na'urori biyu ne kowace ta bi umarnin da aka ba ta. In dukansu na Cisco ne, su kan rubuta gargaɗi a littafin rahotonsu, wani lokaci ma su toshe unguwannin da abin ya shafa, amma gargaɗi sai da mai karantawa, in kuwa na'urorin na kamfanoni dabam-dabam ne, ba lalle a samu ko gargaɗin ba.

Ko da bakin biyu sun yi daidai, akwai sauran rina a kaba. Mutumin da kafarsa ta gida ke cikin unguwar da ita ce ta asali a kan gwadabe yana iya shirya ƙunshi mai tambari biyu, na waje mai lambar unguwa ta asali, na ciki mai lambar unguwar da ya ke hari. Suwic na farko zai cire na waje, tun da kayan unguwa ta asali ba sa tafiya da tambari, ya tura ƙunshin. Suwic na biyu sai ya tarar da tambari na ciki, ya ɗauka na gaske ne, ya kai ƙunshin inda aka rubuta. Amsa ba ta iya dawowa ta wannan hanya, amma akwai ɓarnar da ba ta bukatar amsa. Maganin duka biyun abu ne mai arha: a ƙirƙiri wata unguwa da ba kowa a cikinta, kamar 999 ɗin nan da na rubuta, a mai da ita ta asali a kowane gwadabe, kada a sa ko kafa ɗaya ta gida a ciki, kada kuma a bar mutane ko na'urorin kulawa a lamba 1. Wasu na'urori suna da umarnin vlan dot1q tag native, wanda ke sa a buga wa kayan unguwa ta asali ma tambari. Inda akwai shi, kuma bakin biyu duka sun san shi, ina ganin amfani da shi ya fi.

Layi na biyar jerin waɗanda aka yarda su bi gwadaben ne. In ba a rubuta shi ba, unguwanni duka, daga 1 har 4094, an yarje musu. Wasu injiniyoyi su kan bar shi haka don gudun wahala, su ce ai in an buɗe sabuwar unguwa ba sai an bi kowane gwadabe an ƙara ta ba. Ni ban goyi bayan wannan ba. Ginin da ba akanta ko ɗaya a cikinsa ba shi da dalilin da unguwa ta 10 za ta isa gare shi, ɗakin kwanan ɗalibai kuma ba shi da hulɗa da unguwar ofishin jarrabawa. Abin da bai isa wuri ba, ba a iya satarsa a wurin.

Amma wannan layi yana da tarko wanda ya kama ƙwararru da yawa. A ce bayan shekara guda an buɗe unguwa ta 40 don na'urorin ɗaukar hoto na tsaro. Mai aiki ya shiga kafar ya rubuta switchport trunk allowed vlan 40, a zatonsa ƙari ya yi. Na'ura kuwa ta fahimci cewa sabon jeri aka ba ta, sai ta share 10 da 20 da 30 da 99, ta bar 40 kaɗai. Nan take gini guda ya yanke daga sauran. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne switchport trunk allowed vlan add 40. Kalma ce mai harafi uku, rashinta kuwa yana iya tsayar da biyan albashi ranar ashirin da biyar ga wata.

Dubawa, da abin da ke ɓata aiki bayan an gama

Bayan an rubuta umarni a bakin biyu, sai a tambayi na'urar da show interfaces trunk. Amsar tana zuwa kashi huɗu, kuma ya kamata a karanta su bi da bi. Na farko yana nuna halin kafar da unguwarta ta asali. Na biyu yana nuna unguwannin da aka yarje wa. Na uku yana nuna waɗanda aka yarje wa kuma suna nan a raye cikin suwic ɗin. Na huɗu yana nuna waɗanda a zahiri kayansu ke wucewa. Unguwar da ta bayyana a kashi na biyu ta ɓace a na uku, ba a ƙirƙire ta a wannan suwic ba, wannan kuwa ya kan faru a suwic na tsakiya, wanda ba shi da ko mutum ɗaya na unguwar amma kayanta ke ratsawa ta cikinsa, shi kuma ba ya wuce da abin da bai sani ba. Wadda ta kai kashi na uku ta ɓace a na huɗu, galibi tsarin hana kewaye ne ya tare ta, watau dabarar nan da Radia Perlman ta ƙirƙiro a kamfanin DEC a 1985, wadda ke toshe ɗaya daga cikin hanyoyi biyu don kada shela ta yi ta zagaye ba iyaka. Sau da yawa wannan toshewa daidai ce, ba abin gyarawa ba ce.

Akwai wata dabara kuma ta Cisco mai suna VTP, wadda ke bi ta kan gwadabe tana rarraba jerin unguwanni, don in an ƙirƙiri unguwa a suwic ɗaya sauran su samu labari. Kowane canji yana ƙara wa jerin lambar bugu, na'urori kuma suna bin wanda lambarsa ta fi girma. To a ce an ɗauko wani tsohon suwic daga sito, wanda ɗalibai suka yi ta gwaji da shi har lambar bugunsa ta haura ta kowa, sunan yankinsa kuma ya zo ɗaya da na ma'aikatar. Da an soka shi a gwadabe, sauran za su ɗauka shi ne mai sabon labari, su watsar da jerinsu su karɓi nasa, unguwannin da babu su a cikin nasa su ɓace a ko'ina cikin ɗan lokaci. Bugu na uku na VTP ya rage wannan haɗari, tun da na'ura guda ce kaɗai a ke naɗawa ta riƙa yin canji. A ma'aikata mai suwic goma ko ashirin, shawarata ita ce a kashe dabarar ko a sa ta a halin da ba ta karɓar canji daga kowa, a riƙa ƙirƙirar unguwanni da hannu. Kowane suwic da zai shigo daga sito kuma a share ƙwaƙwalwarsa tukuna.

Lambobi 4094 sun ishi kowace sakatariya da kowace jami'a. Waɗanda suka ƙure su kamfanonin sadarwa ne da manyan rumbunan kwamfuta, su ne aka yi wa ƙa'idar 802.1ad a 2005, mai ɗora tambari a kan tambari bisa izni, da kuma VXLAN da aka wallafa a 2014, mai bit 24, watau unguwa fiye da miliyan 16. Wannan fage ne na wata lacca.

Ga manyan ma'aikata da ke cikin wannan zaure, waɗanda ba za su taɓa rubuta ko ɗaya daga cikin layukan nan ba amma su ke sa hannu a takardar biyan ɗan kwangila, akwai abin da ya ke nasu. Kusan duk illolin da na lissafa suna tasowa ne daga saɓani tsakanin baki biyu na gwadabe, saɓanin kuwa ya kan shigo ne lokacin da wanda ya tsara wannan baki ya bar aiki ko aka yi masa canjin wuri, wanda ya gaje shi kuma bai tarar da komai a rubuce ba. Kada a karɓi aiki sai da takardar da ta nuna lambar kowace unguwa da sunanta, da kowane gwadabe da kafofinsa biyu, da unguwarsa ta asali, da jerin waɗanda aka yarje wa, tare da kwafin tsarin kowane suwic da kalmomin sirrinsa. A buɗe mata fayil a rajista kamar kowace takardar gwamnati, duk canjin da aka yi a shigar da shi da kwanan wata da sunan wanda ya yi.

Ga ɗalibai kuma, abu biyu game da lokacin yin canji. Umarnin da aka rubuta yana fara aiki nan take, amma yana zaune ne a ƙwaƙwalwar da ke gogewa in wuta ta ɗauke, sai an adana shi da copy running-config startup-config. A inda wutar lantarki ke zuwa tana komawa, aikin yini guda yana iya tafiya da ƙiftawar fitila. Na biyu, sau da yawa gwadaben da ka ke gyarawa shi ne kuma hanyar da ka bi ka isa ga suwic ɗin daga ofishinka, ta unguwa ta 99. In ka yi kuskuren da ya yanke ta, ka rufe kanka a waje, sai ka tashi ka tafi can da ƙafarka, in ginin a wani gari ya ke kuwa sai ka nemi mota. Saboda haka kafin ka taɓa komai, tabbatar tsarin da ke aiki an adana shi, sa'an nan ka rubuta reload in 10. Wannan ya umarci suwic ya sake tashi bayan minti goma. Yi canjinka kada ka adana. In hanya ta yanke, jira minti goman su cika, na'urar za ta tashi da tsohon tsarinta, ka sake shiga. In komai ya tafi daidai, rubuta reload cancel, ka duba kashi huɗun nan a bakin biyu, sa'an nan ka adana.